Tambayoyi da amsoshi: Yadda masu bidiyo ke karɓar sabbin kyamarori da kayan tace hoto a wuraren baje koli

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, hankalin masu sana'ar bidiyo yakan koma birnin Las Vegas na Amurka. Idan Satumba ta zo, ya koma Amsterdam. A nan kamfanoni ke buɗe sabbin kyamarori da manhajojin tace hoto, mutane su yi ta murna ko su yi ta ɓacin rai tun kafin kowa ya ɗauki aiki ko ɗaya da kayan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne abokan sana'a, musamman masu tasowa, suka fi yi mini a irin wannan lokaci. Wasu na amsa su a taƙaice, wasu kuma na zauna a kansu, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Waɗanne wuraren baje koli ake nufi?

Manyan guda biyu ne. Na farko NAB, wanda ƙungiyar masu gidajen rediyo da talabijin ta Amurka ke shiryawa a Las Vegas cikin Afrilu. Na biyu IBC, a babban zauren RAI da ke Amsterdam ta ƙasar Holan, cikin Satumba. Bayan su akwai Cine Gear Expo a Los Angeles cikin Yuni, wanda ya fi tara ma'aikatan fim masu riƙe kaya da hannunsu, sai Inter BEE a Chiba ta Japan cikin Nuwamba, da CP+ a Yokohama cikin Fabrairu. A da akwai Photokina a birnin Kolon na Jamus, amma tun 2018 ba a sake yin sa ba.

Abin ya samo asali da nisa. A Afrilun 1956, a taron masu gidajen rediyo da talabijin da aka yi a Chicago, kamfanin Ampex ya nuna na'urar naɗar bidiyo a kan tef. An ɗauki mai jawabi yana magana, yana gamawa sai aka mayar wa mutane da hotonsa da muryarsa a allo nan take. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, daga nan ya kaure da tafi da sowa. Irin wannan sowar ce kowane kamfani ke farauta har yau.

Me ya sa masu bidiyo ke ruɗewa haka idan sun shiga wurin?

Domin an tsara wurin ne don ya ɗauke ido. Tsaya a rumfar duk wani babban kamfanin kyamara ka duba da kyau. A tsakiya akwai ɗan dandali da aka ƙawata kamar ɗakin fim: kujera mai launi, furanni, kwalabe masu ƙyalli, da wani ko wata a zaune cikin tufafi masu ɗaukar ido. Fitilun kuwa ƙwararre ne ya jera su, babu inuwa ɗaya da ta faɗi inda ba a so. Kyamarori sun kewaye dandalin, kowace a kan ƙafa mai nauyi, an ɗaura mata gilashin gaba, wato lens, da sau da yawa ya fi ita kanta tsada. An ɗaure ta da waya kada wani ya yi gaba da ita, wutarta daga bango take zuwa ba daga batir ba, ga iskar sanyi tana kaɗawa. Hoton yana fita a allon da aka daidaita kalarsa tsaf. Ka kai hannu wurin katin memori, sai ka tarar an manne murfin da salatif, ko ma'aikacin rumfar ya yi murmushi ya ce ba a yarda a fita da hoto ba tukuna, manhajar cikin kyamarar ba ta kammala ba.

A irin wannan yanayi ko tsohuwar kyamara ce sai ta ba da hoto mai kyau. Minti biyar gare ka, mutum goma na bayanka suna jira. Abin da za ka iya sani shi ne nauyinta a hannu, inda maɓallanta suke, ko yatsarka na kai wa ga na ɗauka ba tare da ka sauke ido ba, ko jerin umarninta mai sauƙin bi ne. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga wanda zai wuni riƙe da ita. Amma ba za ka san halinta a ɗaki mai fitila ɗaya ba, ko a tsakar rana bayan ta yi awa biyu tana aiki.

Ni ban ga laifin mai murna ba. Wanda ya shekara biyar yana fama da kyamarar da ke dagula fuskar mutum da zarar haske ya ragu, idan ya ga an warware matsalar a gabansa, dole zuciyarsa ta motsa. Roƙona kawai shi ne kada murnar ta yanke masa shawarar saye.

Abin da aka nuna a rumfa shi ne ke isowa hannun mai saye?

Wani lokaci ya iso, wani lokaci a makare, wani lokaci da wata kama dabam, wani lokaci kuma shiru kake ji.

A NAB na 2006, Jim Jannard, mutumin da ya kafa kamfanin tabarau na Oakley, ya zo da sabon kamfaninsa RED da alkawarin kyamarar fim mai ɗaukar 4K, wato hoto mai faɗin ɗigo (fiksel) kusan dubu huɗu, a kan dala 17,500, a lokacin da kyamarorin da ke kusa da wannan matsayi ke cin ninkin haka sau da yawa. Babu kyamara mai aiki a rumfar, sai samfurin gangar jiki da alkawari. Duk da haka mutane suka yi ta ajiye dala 1,000 don kama layi, wasu kuma suka ce yaudara ce, ba za a taɓa ganin ta ba. A 2007 kyamarar ta fito da sunan RED One, ta kuma shiga manyan finafinai, bakin masu shakka ya mutu. Amma shi dai wannan kamfani a 2008 ya yi alkawarin ƙaramar kyamara mai suna Scarlet, mai 3K a kan kusan dala 3,000. Sai a Nuwamban 2011 aka ga Scarlet a kasuwa, ta zama wata kyamarar dabam, kuɗinta kuma ya kusa dala 10,000. Wanda ya ajiye aikinsa yana jiran ta dala 3,000 ya yi jiran gawon shanu.

Blackmagic Design na Ostareliya ya girgiza NAB na 2012. Kamfani ne da aka sani da akwatunan shigar da bidiyo cikin kwamfuta, kwatsam ya fito da kyamarar fim mai 2.5K a kan dala 2,995. Aka ce za ta fito a Yuli. Sai matsala ta taso a gilashin da ke rufe sansa, wato farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kansa, shugaban kamfanin Grant Petty ya fito ya yi wa jama'a bayani, masu oda da yawa suka yi watanni suna jira. A shekarar da ta biyo aka sake yin alkawarin wata mai 4K a Yulin 2013, ba ta iso ba sai farkon 2014.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya a rumfa. A NAB na 2016 kamfanin Lytro ya nuna wata ƙatuwar kyamara mai megafiksel 755, wadda za ka iya sauya inda hoton ya fito sarai bayan an gama ɗauka. Mutane suka cika zauren nunin suna mamaki. A 2018 kamfanin ya rufe. Haka a 2010 ko'ina ka waiwaya 3D ne, kyamarori masu ido biyu da tabarau a kowace rumfa, ana cewa nan duniya ta dosa. Tashar ESPN 3D da aka buɗe a shekarar an rufe ta a 2013.

To wace sanarwa ce ta canza sana'ar da gaske?

Wadda na fi tunawa ba ma kyamarar bidiyo ba ce. A Satumban 2008, dab da Photokina, Canon ya sanar da EOS 5D Mark II, kyamarar hoto da aka ƙara wa bidiyo kamar gyara. Sansarta babba ce, milimita 36 da 24, don haka tana fito da fuska sarai ta narkar da bayan mutum, irin hoton da a da sai mai kuɗin hayar kayan fim ke samu. Masu bidiyo suka yi caa a kanta, nan da nan kuma suka fara ƙorafi: hoto 30 kawai take ɗauka a daƙiƙa, ba ta barin mutum ya saita haske da kansa a lokacin ɗaukar bidiyo. Ƙorafin ya yi tasiri. A 2009 Canon ya fitar da gyaran manhaja da ya ba da damar saita haske da hannu, a Maris na 2010 kuma ya ƙara hoto 24 da 25 a daƙiƙa. Shi ya sa ba na raina surutun masu sana'a bayan sanarwa. Kamfanoni suna sauraro, kuma abin da aka yi ta nanatawa sau da yawa shi ke shiga gyara na gaba.

A NAB na 2013 Freefly ya nuna MōVI, gimbal mai injina da ke riƙe kyamara ta tsaya cak ko mai ɗauka yana gudu. Kuɗinsa kusan dala 15,000 ne. Shekara ɗaya bayan nan DJI ya kawo Ronin a kan kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi, yau kuma har waya ana ɗaura wa irinsa. A NAB na 2014 Sony ya fito da A7S mai megafiksel 12 kacal, wadda ke gani a duhun da ido ke wahala.

A ɓangaren tace hoto kuwa, DaVinci Resolve ne. Tsarin gyaran kala ne da a da sai manyan kamfanoni ke iya mallaka. Blackmagic ya sayi kamfanin a 2009, a 2010 ya saki manhajar a kan dala 995, a 2011 ya fitar da ta kyauta. Daga baya ya cusa mata aikin sauti a 2017 da aikin siddabarun hoto a 2018.

Duba su duka. Babu wadda ta yi suna don ta fi kowa yawan lamba a takarda. Kowace ta ɗauko abin da ke hannun mutane ƙalilan ne ta sa a hannun masu ƙaramin ƙarfi.

Me ya sa editoci suka fi masu ɗaukar hoto saurin fushi da sabon abu?

Domin mai ɗaukar hoto idan bai so sabuwar kyamara ba, ya ci gaba da tsohuwarsa, babu abin da ya ragu. Edita kuwa manhajarsa ita ce ɗakin aikinsa. Yatsunsa sun haddace maɓallai, ayyukan shekaru goma suna ajiye cikin tsarinta, abokan aikinsa na sauti da na kala duk da ita suke karɓar aiki daga hannunsa. Idan aka taɓa ta, an taɓa abincinsa.

Labarin Final Cut Pro X ya isa misali. A Afrilun 2011, a taron masu amfani da Final Cut da aka yi a Las Vegas a makon NAB, Apple ya nuna sabuwar manhajar. Zauren ya yi ta tafi, musamman da aka faɗi kuɗinta, dala 299. A watan Yuni ta fito, sai murna ta koma ciki. Ba ta buɗe ayyukan da aka yi da Final Cut Pro 7. Babu hanyar haɗa hotunan kyamarori da yawa a tace su lokaci guda. Babu fitar da fayil na XML da ake miƙa aiki da shi ga wasu manhajoji. Apple kuma ya janye tsohuwar daga kasuwa. Editoci da kamfanoni da yawa suka tattara suka koma Premiere Pro na Adobe ko Media Composer na Avid, su kuma kamfanonin biyu suka yi ragin farashi don tarbar su. Apple ya mayar da abubuwan da aka rasa sannu a hankali, aikin kyamarori da yawa ya dawo a Janairun 2012, kuma yau akwai editoci da ba sa son kowace manhaja sai ita saboda saurinta. Amma da yawa daga waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Mutanen da suka yi tafi a Afrilu su ne suka yi fushi a Yuni. A zauren an nuna musu abin da aka ƙara, ba a nuna musu abin da aka cire ba, kuma ba su sami damar tambaya ba.

Biyan kuɗin wata-wata ko saye sau ɗaya?

Tun da Adobe ya sanar a Mayun 2013 cewa sabbin manhajojinsa sai dai a biya wata-wata ko shekara-shekara, wannan gardama ba ta mutu ba. Kamfani mai ma'aikata da aiki kullum ba ya jin nauyin abin. Wanda aiki ke zo masa yau ya ɗauke gobe kuwa yana biya ko ya samu ko bai samu ba, ranar da ya daina biya kuma ƙofar ayyukansa ta rufe. Shi ya sa duk shekarar da aka sanar da sabon Resolve, aka kuma ce wanda ya taɓa sayen na kuɗin ya sauke sabon ba tare da ƙarin biya ba, sai ka ji an yi ta yabo. Ni ra'ayina, ka zauna a manhajar da mutanen da kake musayar aiki da su ke amfani da ita, ka kuma koyi ta biyu a gefe.

Ana ta cewa 6K, 8K, 12K. Shin sai da su aiki ke kyau?

A'a. Wannan lambar ita ce mafi sauƙin rubutawa a allon rumfa, shi ya sa ake rubuta ta da manyan baƙaƙe. Tana da amfaninta: kana iya yanke hoto ka matso da fuska ba tare da ya lalace ba, masu siddabarun hoto kuma suna son ta. Amma kowane ƙarin fiksel sai ka biya shi sau uku, a katin memori, a faifan ajiya, da kuma a ƙarfin kwamfuta. Yi lissafi da kanka. Kyamarar da ke rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa. Mai megabit 400 tana cin 180. Ka ninka biyu, domin aikin da ba shi da kwafi na biyu yana hannun ƙaddara.

Kamfanin ARRI na birnin Munich ta Jamus ya fito da kyamarar Alexa a 2010 da hoton da bai kai 3K ba, amma finafinai da dama da suka ci kyautar Oscar ta ɗaukar hoto da ita aka yi su. Abin da ƙwararru suka so a jikinta shi ne yadda take riƙe haske da duhu a hoto ɗaya, da yadda take fito da launin fata. Da kamfanin ya kawo Alexa 35 a 2022, abin da ya fi tallatawa shi ne matakan haske 17 da take ɗauka.

Saboda haka idan ka ga tsofaffin hannu a rumfa, ba lambar K suke tambaya ba. Suna tambaya ko bit 8 ce ko bit 10, domin ta farko matakai 256 take ba kowane launi, ta biyu 1,024, kuma a wurin gyaran kala bambancin ke fitowa, sararin sama ya tsattsage layi-layi ko ya tafi sumul. Suna kaɗa kyamarar hagu da dama da sauri su ga ko ginshiƙai na lanƙwasa. Suna nuna ta ga fitila su ga yadda hasken ke ƙonewa.

Ina batun zafi da ake yawan magana?

Ƙaramar gangar jiki da ke sarrafa hoto mai nauyi dole ta ɗau zafi, kuma a rumfa mai sanyi ba za ka gani ba. EOS R5 da Canon ya fitar a Yulin 2020 ta zo da 8K, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa kusan minti 20 take yi a wannan mataki kafin ta nemi hutu. Masu ɗaukar taro da doguwar hira suka yi ta ƙorafi. A Janairun 2022 aka fito da R5 C mai fanka a ciki. Tun daga lokacin, da wuya a sanar da ƙaramar kyamara ba a ji wani ya tambaya ba: minti nawa take yi kafin ta kashe kanta?

Zan iya dogara da masu bitar kaya a YouTube?

Ka saurare su, amma ka san yadda abin ke gudana. Idan ka ga bidiyo ashirin sun fito a minti ɗaya da sanarwa, to an ba masu su kyamarar aro tun kafin ranar, da sharaɗin kada su yi magana sai lokacin da kamfani ya sa. Wasu har jirgi da masauki ake biya musu zuwa wurin da aka shirya don hoto ya yi kyau. Wannan bai sa su maƙaryata ba, da yawansu masu gaskiya ne kuma suna faɗin cewa aro aka ba su. Sai dai mako ɗaya ko biyu suka yi da kayan, kuma mai son a sake ba shi aro yakan tausasa harshe. Bitar da ta fi amfani ita ce ta wanda ya saya da kuɗinsa, ya yi wata uku ko shida yana aiki da ita, ya zo yana faɗin abin da ya dame shi.

Yaya masu sana'a ke karɓar ƙirƙirarriyar basira a manhajojin tace hoto?

Sun kasu, kuma rabuwar tana da ma'ana. Abin da ke ɗauke wa mutum aikin wahala ana karɓar sa hannu bibbiyu. A 2023 Adobe ya sa wa Premiere Pro hanyar tace hira ta rubutu: manhajar ta rubuta abin da aka faɗa, ka goge jimla a rubutun, ta yanke ta a bidiyon. Resolve yana da abin ware mutum daga bayansa ba tare da ka zana shi hoto bayan hoto ba, da abin tsame murya daga hayaniya. Duk wanda ya taɓa kwana yana sauraron hirar awa uku don neman magana ɗaya ya san darajar wannan. Tambaya ɗaya da ya kamata ka yi kafin ka yi murna ita ce ko manhajar tana jin harshen da kake aiki da shi, domin ba kowane harshe ke cikin jerinsu ba.

Inda ake ɗaure fuska shi ne wurin ƙirƙiro hoton da ba a ɗauka ba. A 2024 Adobe ya nuna yadda za a ƙara wa hoto 'yan daƙiƙu daga babu. Mai talla zai ga mafita. Mai shirin gaskiya ko ɗan jarida kuwa dole ya tsaya, domin idan ka ƙara wa fuskar mutum daƙiƙa biyu da bai yi ba, ka sa masa abin da ba nasa ba, ko da shiru ne kawai. A nan ina tare da masu taka-tsantsan. Ga kuma tambayoyin da ake yi da ƙarfi a zaurukan tattaunawa: da aikin wa aka horar da na'urar, kuma ina makomar mataimakin edita, wanda da irin waɗannan ƙananan ayyuka yake koyon sana'a?

Me ake wucewa ba a kula ba a irin waɗannan wurare?

Sauti da haske. Cunkoso yana rumfunan kyamara, amma mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni, ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji. A NAB na 2019 Røde ya fito da Wireless GO, ƙaramin makirfo marar waya da ake maƙalawa a riga, Zoom kuma ya nuna F6, na'urar naɗar sauti da ke ba ka damar ceto muryar da ta yi ƙara fiye da kima ko ta yi ƙasa sosai. Ga wanda ke aiki shi kaɗai, ba shi da mai kula masa da sauti, waɗannan sun fi sabuwar kyamara gyara masa aiki.

Idan na samu shiga, me zan tambayi masu rumfa?

Ka fara da neman injiniya ko mai kula da samfurin, domin mai talla abin da ke takarda zai maimaita maka. Ka tambaye shi ranar fitowa, sannan ka tambaya ko duk abin da aka lissafa zai zo a ranar ko wani sai an yi gyaran manhaja daga baya. Ka tambayi irin katin da take ci, domin katin CFexpress da kyamarori ke amfani da shi kala biyu ne, na A da na B, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ka tambayi batir, awa nawa yake yi, kuma idan babba ne ka tuna cewa wanda ƙarfin wutarsa ya wuce awa-wat 100 sai da izinin kamfanin jirgi ake hawa da shi. Ka tambaya ko gilasanka na yanzu za su hau.

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce wace manhaja ce ke buɗe fayil ɗinta yau, ba gobe ba. Na koyi wannan da wahala. Na taɓa karɓar sabuwar kyamara a makon da ta fito, washegari na tafi da ita aikin kwana biyu, hirarraki da mutanen da ba za su sake taruwa ba. Na dawo da dare na zuba katunan a kwamfuta, na jawo fayilolin cikin manhajata, sai allo ya nuna baƙi, sauti kawai ke fita. Sabon tsarin fayil ne, manhajar ba ta san shi ba tukuna. Saura kwana uku in miƙa aiki. Na kwana ina juya fayilolin ɗaya bayan ɗaya zuwa tsarin da take ganewa, ina kallon layin ci gaba yana rarrafe, fankar kwamfuta na kuka, faifan ajiya ya cika a tsakiyar dare na tashi neman abin gogewa. Aikin ya fita a kan lokaci, amma ban samu zama na gyara kalarsa yadda mutanen suka cancanta ba, kuma har yau abin yana damuna.

Shin waɗannan tarukan ba su fara mutuwa ba?

Sun canza dai. Apple da Avid duka sun ƙi kafa rumfa a NAB na 2008. Annobar korona ta hana taron na 2020, bai dawo Las Vegas ba sai 2022, a tsakanin nan kuma kamfanoni suka saba da sanar da kaya kai tsaye ta intanet a ranar da suka ga dama. Amma har yanzu babu inda za ka riƙe kyamarori biyar na kamfanoni biyar a yini ɗaya, ka kuma tsaya gaban wanda ya ƙera abin ka gaya masa inda yake cutar ka. A Afrilun 2024, alal misali, maganar da ta cika bakin mutane ita ce sayen RED da Nikon ya yi, kowa na son ya ji daga bakin ma'aikatan kamfanonin biyu abin da zai biyo baya.

Ni da ba zan je ba, kuma kuɗina ƙalilan ne, yaushe zan saya?

Ɗan'uwa, ka fara da rubuta abin da kayanka na yanzu suka hana ka yi a ayyuka biyar na baya. Idan ba ka sami komai ba, riƙe kuɗinka. Idan ka samu, ka duba ko sabon abin yana warware wannan matsalar ce takamaimai. Sannan ka bar masu gaggawa su fara saye, ka jira gyaran manhaja na farko ya fito. Makonnin da ke bayan sanarwa kuma lokaci ne mai kyau na sayen samfurin bara, domin kamfanoni kan rage masa kuɗi, masu son sabo kuma suna sakin nasu a kasuwar na hannu.

Kafin ka biya, nemi ainihin fayilolin da kyamarar ta ɗauka, ba wanda aka matse aka ɗora a intanet ba. Kamfanoni da dama da masu bita suna ajiye su don a sauke. Zuba su a kwamfutarka, cikin manhajarka, ka jera minti biyar, ka ɗora gyaran kala, ka danna kunnawa ka ga ko tana tafiya ko tana tsalle. Idan akwai mai ba da haya, ɗauke ta kwana ɗaya ka kai ta wurin da ya fi ba ka wahala a aikinka, ka bar ta tana ɗauka har batir ya ƙare.